Wanda zai sauya sheƙa ya ajiye mana kujerar

Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, balle hotonsa. Alamar jam'iyya ce kawai: lema, tsintsiya, kwandon kayan marmari. Dattijuwar da ta sha rana a layi a Gusau ko Argungu alama ta dangwala wa. To da izinin wa za a ɗauki ƙuri'arta a kai wa alamar da ta gani da idonta ta tsallake?

Zamfara ce ta fi tsaya mini a rai. A 2019 APC ta ci zaɓe, amma a watan Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'unta saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba. Aka rantsar da Bello Matawalle na PDP, wanda ya zo na biyu. Kujerar nan lemar PDP ce ta kawo ta, ba gardama. A Yunin 2021 sai ga gwamna ya koma APC ɗin. Mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi bi, a Fabrairun 2022 majalisar jiha ta tsige shi. Majalisar ta lissafo nata dalilan, amma abin da talaka ya gani shi ne wanda ya tsaya inda aka zaɓe shi ya rasa kujera, wanda ya tafi ya ci gaba da mulki.

Kuma ba wai doka ta yi shiru gaba ɗaya ba. Sashe na 68(1)(g) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan Majalisar Tarayya da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujera, sai dai idan jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. Wannan "sai dai" ita ce ƙofar da kowa yake bi. A 2015 Kotun Ƙoli ta ƙwace kujerar Ifedayo Abegunde na Ondo, ta ce rigimar reshen jiha ba darewa ba ce. Duk da haka a Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku, Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka bar PDP tare, ba wanda ya ce musu kanzil. Wa ma zai ce? Shugaban Majalisar Dattawa ne ya kamata ya ayyana kujera babu kowa, shi kuwa shugaban a lokacin, Godswill Akpabio, yana sanata ya bar PDP a 2018.

Gwamna kam ba sashen da ya ɗaure shi. Tun shari'ar Atiku ta 2007 aka san sauya jam'iyya ba ya cikin abubuwan da ke sauke mai muƙamin zartarwa.

Da yawa cikin masu kuka yau su ne suka yi tafi a Nuwamban 2013, lokacin da Kwankwaso da Wamakko da Nyako da wasu gwamnoni biyu suka bar PDP. Muddin sauya sheƙa halal ce ranar da ta yi mana daɗi, 'yan siyasa ba za su ji kunyarmu ba.

Ban ce a ɗaure kowa a jam'iyyar da ta ishe shi ba. Ya tafi abinsa, amma ya ajiye kujerar. Kullum suna cewa sun "tuntuɓi masu ruwa da tsaki", jama'a ce ta buƙata. Madalla, sai ya tsaya zaɓen cike gurbi da sabuwar alamar mu ga jama'ar. Kiranye ba mafita ba ce, don sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, kuma an ga yadda na Sanata Dino Melaye ya watse a 2018. Gyaran da nake nema guda biyu ne: a toshe ƙofar "darewa", a sa gwamnoni cikin sashen. Masu gyaran kuwa su ne masu bin ƙofar.