Wa Ya Ce Lissafi Ya Fi Ƙarfin Mace?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, har ta shigo harabar jami'a ta samu kujera a ɗakunan shan shayin malamai, wai ita mace ba a halicci ƙwaƙwalwarta don lissafi da kimiyya ba. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, wasunsu ma da digiri bibbiyu a aljihu, kuma hujjarsu guda ce wadda ba sa gajiya da maimaita ta: a ƙidaya manyan masana kimiyya na duniya a ga mata nawa ne a ciki. To, mun yarda a yi ƙidayar, amma da sharaɗin a fara gaya mana wanda ya tsare bakin ƙofa a lokacin da ake shiga.

Bari mu fara da Jami'ar Kambirij ta Ingila, wadda masu wannan ra'ayi ke ambata da girmamawa. A shekarar 1890 wata ɗaliba mai suna Philippa Fawcett ta zauna babbar jarrabawar lissafi ta jami'ar, ta kuma zarce namijin da aka ba matsayin na ɗaya da maki kusan kashi 13 cikin ɗari. Ba a ba ta matsayin ba, ba a kuma ba ta digiri ba, domin Kambirij ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai a 1948. A Faransa kuwa, shahararriyar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique, wadda aka kafa a 1794, ba ta karɓi mace ba sai a 1972, kuma a wannan shekarar ta farko wata yarinya, Anne Chopinet, ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga. Shekara 178 ƙofa na garƙame, ranar da aka buɗe mace ta shige gaban kowa. Wanda ya ɗaure ƙafar doki sannan ya ce doki ba ya gudu, ai ba dokin ya kamata a tuhuma ba.

Waɗanda suka kutsa ta ƙarfin tsiya kuma, sai aka yi masu ta kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Emmy Noether ta isa Jami'ar Gottingen ta Jamus a 1915, ta shafe shekaru tana koyarwa ba albashi, ana rubuta darussanta a ƙarƙashin sunan Farfesa David Hilbert, saboda hukuma ba ta amince mace ta riƙe aji da sunanta ba. Ka'idar da ta wallafa a 1918 tana cikin ginshiƙan ilmin fiziya har gobe. Lise Meitner ta yi aiki da Otto Hahn kimanin shekara 30 a Balin, ta tsere daga mulkin Hitila a 1938, kuma daga gudun hijira ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka bayyana cewa abin da Hahn ya gani a ɗakin gwaji tsagewar cibiyar ƙwayar zarra ne. Lambar Nobel ta 1944 Hahn kaɗai aka ba. Jocelyn Bell tana ɗalibar digiri na uku a 1967 ta lura da wata baƙuwar alama a takardun na'urar sauraren sararin samaniya, ta nace a kanta har aka gano wani sabon nau'in taurari. Da aka tashi raba lambar Nobel a 1974 sai aka kira malaminta, Antony Hewish, da wani abokin aikinsa. Ita kanta Marie Curie da kowa ya sani, saura ƙiris a tsallake sunanta a 1903, sai da mijinta ya sa baki. Idan mai ƙidayarmu ya buɗe jerin sunayen Nobel bai ga Meitner ba, bai ga Bell ba, sai ya rufe littafi ya ce ga shi nan, mata ba su taɓuka komai ba. A dake ka, a hana ka kuka ke nan.

Wataƙila mai karatu ya ce duk wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan Biri da Gada. To ga wadda aikinta ya shigo har cikin ɗakunan iyayenmu. Kowa ya san yadda kulorokwin ya daina jin maganar zazzaɓin cizon sauro. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, gwamnatin ƙasar Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani, a 1969 kuma aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou a kan ayarin masu bincike. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen maganin gargajiya fiye da 2,000 suna gwadawa. Wani ganye ɗan'uwan tazargadenmu yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga wani tsohon littafin likitanci na Ge Hong, wanda aka rubuta a ƙarni na 4, inda aka ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. Daga nan ta fahimci cewa tafasawar da suke yi ce ke kashe ƙarfin maganin, sai ta sauya hanyar tatsa zuwa wadda ba ta bukatar zafi mai yawa. A 1971 gwaji ya yi nasara a kan ɓeraye da birai, kuma kafin a ba marasa lafiya sai da ta fara sha da kanta. Wannan shi ne atimisinin, tushen magungunan zazzaɓin da ake rubuta mana a asibiti a yau. Rahoton farko da aka buga a 1977 babu sunanta a kai. Ba ta da digiri na uku, ba ta yi karatu a ƙasar waje ba, kuma sai da ta kai shekara 84 aka ba ta lambar Nobel a 2015. (Mu ɗaliban adabi ma muna da abin ɗauka a nan: karanta tsohon matani a tsanake ne ya buɗe mata hanya.) Mai gardamar da ya taɓa kwanciya yana rawar ɗari ya haɗiyi waɗannan ƙwayoyi ya miƙe, da ƙwaƙwalwar mace ya warke, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu taurin kai kan ja da baya su ce, to magani daban, tsantsar lissafi daban. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1994 da 1995, a karo na biyu ma ba ta zubar da maki ko ɗaya ba. A 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka tamkar Nobel ɗinsu, kafin ciwon daji ya ɗauke ta a 2017 tana da shekara 40. Maryna Viazovska ta ƙasar Yukiren ta bi sahunta a 2022. A nan gida, Grace Alele-Williams ta sami digiri na uku a fannin koyar da lissafi daga Jami'ar Shikago a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato Jami'ar Binin, a 1985.

Sai kuma mafakarsu ta ƙarshe, cewa waɗannan ɗaiɗaiku ne, ba a gina hukunci a kansu. Wannan ma ba ta ɗaure ba. Einstein ɗaya ne, Newton ɗaya ne, amma ba mu taɓa jin an hana ɗa namiji shiga ajin kimiyya don ba kowane namiji ne Newton ba. Awon da ake yi wa yaro shi ne ko ya ci jarrabawa; don me za a ce yarinya sai ta zama Curie kafin a yarda ta riƙe kwalbar gwaji?

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, maganar ba a majalisa take tsayawa ba. Tana bin uba gida, ranar da 'yarsa za ta zaɓi darussa a babbar sakandare, ya ce ta bar kemistiri da fiziya ta nemi abu mai sauƙi, tun da gidan miji za ta. Tana bin malami aji, ya riƙa miƙa alli ga layin maza kaɗai idan lissafi ya yi tsauri. Bayan shekara goma mutumin nan ne zai kai matarsa asibiti tana naƙuda, ya tsaya a bakin ƙofa yana faɗa da ma'aikata, yana rantsuwa cewa shi fa sai likita mace ce za ta duba masa iyali.