Ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci: Bayan sayen na'ura akwai sauran aiki

A gidaje da yawa minshari abin zolaya ne, alhali wani lokaci alama ce ta ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Tsokar maƙogwaro ce ke saki ta toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum. Idan ciwon ya tsananta, hakan na faruwa sau 30 ko fiye cikin awa guda. Mai shi yakan wuni yana gyangyaɗi a ofis ko a kan sitiyari, kuma haɗarin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa gare shi.

Maganin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne na'urar CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya gabatar a 1981. Tana hura iska ta takunkumin da ake ɗaurawa a hanci, domin maƙogwaro ya kasance a buɗe har gari ya waye.

Sai dai sabawa da ita aiki ne ja. A binciken SAVE da aka wallafa a 2016, wanda ya ƙunshi majinyata sama da 2,700, waɗanda aka bai wa na'urar sun yi amfani da ita ne na kimanin awa 3.3 kacal a kowane dare. Minshari da gyangyaɗi sun ragu, amma bugun zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba, kuma masana da dama na ganin ƙarancin amfanin yana cikin dalilan.

Abubuwan da ke korar majinyaci sanannu ne, kuma duk suna da gyara. Takunkumin da ke yoyon iska ko gurje karan hanci ana canza girmansa. Bushewar hanci, wadda hunturu ke tsananta wa, tana sauƙi da tankin ruwan da ke jiƙa iskar. Mai jin kamar an shaƙe shi yana iya gwada takunkumin da rana, sannan a saita na'urar ta fara da iska kaɗan.

Don haka bai kamata asibiti ya sallami majinyaci ranar da ya karɓi na'ura ba. Makonnin farko ne ke nuna ko zai ɗore, kuma a lokacin ne ya fi buƙatar a kira shi a ji kokensa. A Najeriya kuwa, inda wutar lantarki ke ɗaukewa tsakar dare, dole ne a sa batir ko sola cikin lissafi tun kafin a biya kuɗi.

Iyali ma suna da rawar takawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magidancin da aka yi wa dariyar takunkumi a darensa na farko, da wuya ya sake ɗaura shi a na biyu.