Idan Al'adar 'Yar Wasa Ta Ɗauke, A Leƙa Kwanonta Kafin A Zarge Ta

Maganar da muka ɗauko a wannan makon tana cikin waɗanda ake rufe ƙofa kafin a yi su, wasu gidajen ma ko an rufe ƙofar ba a yi. To amma tunda abin ya shafi lafiyar 'ya'yanmu mata, kuma muna gani yana jawo zargi da ɓacin suna a ƙauyukanmu na Jazira da Nilu Shuɗi, gara mu faɗe ta a fili kowa ya ji, wanda zai ji haushi ya yi mana afuwa.

Duk wanda ya san makarantunmu tun daga Mai Wurno har zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Madani da Damazin, ya san cewa a kowane aji ba a rasa yarinya ɗaya ko biyu da Allah Ya hore wa gudu. Su ne malaman wasanni suke zaɓa idan gasar makarantu ta zo, wadda a nan muke kira Daura Madrasiyya, su yi tsere ko ƙwallon raga. Ƙasar nan kuma ta taɓa ganin inda irin wannan baiwa take kaiwa. A 2005 Nawal El Jack ta ci zinare a tseren mita 400 a gasar matasa ta duniya da aka yi a Marakash, a 2007 kuma Muna Jabir Adam ta ci zinare a tseren tsallake shinge na mita 400 a wasannin Afirka na Aljiyas. A ranar 30 ga Satumba 2019 aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta mata karo na farko a filin wasa na Khartoum, da ƙungiyoyi 21, bayan shekaru ana ja-in-ja a kan halaccin abin. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa wannan duka, ya rufe makarantu, ya kori mutane daga Madani a Disambar shekarar. Daga Janairun 2025 da soja suka karɓi garin jama'a suka fara komawa, kuma duk inda makaranta ta buɗe, yara za su koma fili ko an so ko ba a so. Shi ya sa muke ganin yanzu ne lokacin wannan magana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda abin yake faruwa. Yarinya 'yar shekara 15 ko 16 ta shiga atisaye, sai bayan wasu watanni al'adarta ta fara tsallake wata, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Ita yarinyar tsoro ya hana ta faɗa. Ranar da uwa ta lura, ko kishiyar uwa ta lura cewa wata uku ke nan ba ta ajiye salla ba, tunanin da ke fara zuwa kowa ya san shi. Sai a tsare ta da tambaya, a hana ta fili, wani lokaci a cire ta daga makarantar ma, a shiga neman wanda za a ba. Maganar kuwa in ta fita zaure ta isa bakin rijiya, ko daga baya an gane babu komai, tabon ya riga ya zauna.

Alhali likitocin wasanni sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun a 1992 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta ba ta suna, ta ce abubuwa uku ne suke tafiya tare a jikin 'yar wasa: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya nuna cewa tushen abin guda ne, wato abin da ke shiga ciki bai kai abin da jiki yake ƙonawa ba, ya kuma sabunta wannan bayani a 2018 da 2023. Jikin ɗan Adam yana da dabara irin ta maigida mai tattali. Idan hatsin rumbu ya yi ƙasa, yakan fara yanke abin da za a iya rayuwa ba da shi ba. Wani sashe na ƙwaƙwalwa sai ya rage saƙon da yake aika wa ƙwan mace, sinadarin istrojin ya yi ƙasa, al'ada ta tsaya. Masu bincike sun gano cewa abin yakan fara ne idan kalorin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya gaza 30 a kan kowane kilo na jikin da ba kitse ba. Yarinya mai kilo 50, wadda kimanin 40 daga ciki tsoka ne da ƙashi da jini, idan abin da ya rage mata a yini bai kai kalori 1,200 ba, ta shiga wannan hali.

Abin tsoron yana ga ƙashi. Shi wannan istrojin shi ne mai gadin ƙashin mace, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin da mace za ta rayu da shi tana tara shi ne kafin ta cika shekara 18. Wadda ta rasa al'ada shekara guda ko biyu a wannan tsakani ta yi asarar ajiyar da da wuya ta dawo duka. Tun tana filin za a fara gani: ciwon ƙwauri da ba ya jin man zafi, tsagewar ƙashin ƙafa ba tare da ta faɗi ba, a kai ta wurin maɗori ya ɗaure, bayan wata biyu wani wurin ya tsage. A 2019 wata 'yar tsere Ba'amurkiya mai suna Mary Cain ta fito ta faɗa wa jaridar New York Times cewa matsin da aka yi mata na ta rage nauyi ya sa ta shekara uku ba ta ga al'ada ba, ƙasusuwanta biyar suka karye. Wannan fa a ƙasar da abinci ya wadata, a ƙungiyar da ke da likitoci da kuɗi.

Mu namu ya sha bamban da nasu ta fuska ɗaya. A can yarinya ke ƙin abinci don kada ta yi nauyi. A nan kuwa yawanci abincin ne bai isa ba, kuma ba wanda ya zauna ya lissafa aikin da take yi. Ku duba yinin 'yar manomi ko 'yar kambo a Jazira. Ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta share gida, ta kurɓi shayi, ta taka zuwa makaranta. Karin kumallon da muke kira fatur sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, in akwai kuɗin ful ko ta'amiya, in babu ta haƙura. Ta dawo ta tafi hawasha cirar ciyawa ko tsinkar auduga, ko ta ɗauki tallar godogodo da gyaɗa. Sannan da la'asar malami ya busa usur ta zagaya fili sau goma. Da dare kuma kowa ya san tsarin kwano a gidajenmu: na maigida da baƙinsa ke fara fita da nama a kai, na samari ya biyo, mata da 'yan mata su taru a kan abin da ya saura. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yarinyar da ta fi kowa gudu a gidan ita ce ta ƙarshe a layin kwano, sannan mu yi mamaki idan jikinta ya rufe wata ƙofa.

Sai batun jini, wanda a yankinmu ya fi na ko'ina nauyi. Mace takan zubar da kimanin mililita 30 zuwa 40 na jini a kowace al'ada, wadda nata ya wuce 80 kuma likitoci na ɗaukar sa ya yi yawa. Saboda haka budurwa tana buƙatar sinadarin ƙarfe fiye da saurayi tsaranta, kimanin miligiram 15 a rana, shi kuwa 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Mu kuma muna da ƙarin ɓarayi biyu. Magudanan ruwan da aka haƙa tun kammala madatsar Sinnar a 1925 sun ba mu auduga da alkama, sun kuma ba mu sauro da katantanwar tsargiya, har sai da aka kafa wani babban shirin lafiya na Nilu Shuɗi a 1979 musamman don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa. Yarinyar da ke wanki a tur'a tana iya zubar da jini ta fitsari ko ta bayan gida ba ta sani ba, zazzaɓi ya fasa wani, al'ada ta kwashe wani. Irin wannan ce za ka ga tana haki tun zagaye na biyu, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, malami kuma yana yi mata tsawa wai lalaci ne.

Muna da wata ɗabi'a da ke ƙara dagula abin, wato shayi a kan abinci. Da an ɗauke faranti sai kofuna su fito. Shayin nan yana riƙe ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana jiki ɗaukarsa. In aka jinkirta shi kamar awa guda, aka matsa lemun tsami a miya ko aka ci gwaiba bayan abinci, an sami riba ba tare da an kashe ko fam ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka cewa maganin rama shi ne abin da ake sayarwa a kasuwa. Duk mun san ƙwayoyin ƙiba da ake rarrabawa a ƙulle-ƙullen leda, musamman idan biki ya matso ana so amarya ta ciko. Da yawansu magungunan kotizon ne irin su deksametazon, waɗanda likita kan rubuta don wasu cututtuka na daban. Suna kumbura fuska da ciki, suna tayar da suga da hawan jini, kuma su ma suna cinye ƙashi. Uwar da ta ga 'yarta 'yar wasa ta rame ta je ta sayo mata wannan, ta ƙara wa ƙashin ɓarawo na biyu. Haka nan ƙwayar da ake ba mace don jini ya sauko. Jinin zai iya zuwa, hankalin gida ya kwanta, amma yunwar da ta tsayar da shi tana nan, ƙashi kuma yana ci gaba da zaizayewa.

Wani zai ce mafita mai sauƙi ita ce a hana su wasan kowa ya huta. Ba mu yarda da wannan ba. Yarinyar da ke noma da ɗiban ruwa a kan kofin shayi tana iya shiga wannan hali ko ba ta taɓa taka fili ba, wasan dai ya sa an lura ne. Motsa jiki kuwa idan ciki ya cika yana ƙarfafa ƙashi. Ta fuskar addini ma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah (SAW). Kunyar da muke ji ta ambaton haila ita ma ba daga malamai muka gaje ta ba. Littafin Ahalari da ake biya wa yara a zaure yana da fasali guda a kanta, Risala ma haka. Muna koya wa yarinya kwana nawa za ta ajiye salla, mun bar ta ba ta san abin da za ta yi ba ranar da babu abin da zai sa ta ajiye.

Abincin da ake buƙata yana cikin gonakinmu da koginmu. Tuwon dawa ko kisra da miyar kuɓewa suna ba da ƙarfi amma su kaɗai ba sa gina jini. A haɗa da wake da adas, gyaɗa da riɗi, ƙuli-ƙuli, zogale da lalo da rama, ƙwai idan kaza ta yi, hanta ko sau ɗaya a mako. Fura da nono da garin kuka suna taimakon ƙashi. Mu ne masuntan Nilu Shuɗi, mu ne masu agashen da duk Sudan take layi a kansa, bai kamata a ce kifi da nama duk sun tafi kasuwa 'yar gidan ba ta ɗanɗana ba. Mun san hali ya yi tsanani tun 2023, wasu gidajen sau ɗaya ake ɗora tukunya. To a irin wannan gida atisayen ne ya kamata a rage har sai kwano ya ƙaru. Da azumi ma haka, a mai da atisaye bayan buɗa baki, a kuma tabbatar ta yi sahur na ƙwarai.

Ga iyaye mata, ƙa'idar likitoci a taƙaice take. Yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba, ko wadda ta fara sannan ta ɗauke mata wata uku a jere, a kai ta wurin likita ko ungozomar asibiti, a auna jininta, a duba fitsari da bayan gida saboda tsargiya, a gwada zazzaɓi. Akwai wasu cututtukan da kan tsayar da al'ada, kamar na maƙoƙo, shi ya sa gwajin yake da muhimmanci. Ƙwayar ƙarin jini tana da amfani, amma mai sikila kada ta sha sai da izinin likita. Ku tambayi 'ya'yanku a ɗaki, da murya mai sanyi, kafin maƙwabta su tambaye ku.

Malaman wasanni kuma, yawancinku maza ne, kuma babu yarinyar da za ta tunkari malami namiji da irin wannan zance. Saboda haka muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohin Jazira da Sinnar da Nilu Shuɗi da su sa doka cewa duk tawagar 'yan mata da za ta shiga gasar makarantu sai da malama mace a tare da ita, wadda aka koya wa waɗannan alamomi, kuma a auna jinin kowace yarinya kafin a rubuta sunanta. A daina auna nauyinsu a gaban juna, a daina yi wa mai jiki ba'a wai ta rage tuwo. A tanadi banɗaki mai ƙofa da ruwa kusa da fili. Kuma abin kunya ne a ce a yankin da ya shekara ɗari yana noma auduga, ɗaliba tana fashin makaranta kwana huɗu duk wata don ba ta da audugar mata. Ƙungiyoyin agajin da ke raba abinci a makarantu su haɗa da ita cikin kayan da suke kawowa, sarakunan Hausawa da limamanmu kuma su sa baki a kan hakan idan jami'an gwamnati sun zo gaisuwa.