Masu aikin lambu a Ingila: ku duba inda rana take kafin ku sayi shuka

Wannan na masu ɗan taɓa gyaran lambu ne a gidajen Turawa, musamman sababbin shiga.

Shekarar da na fara, wata tsohuwa a Manchesta ta ba ni kuɗi in sayo abin da zai ƙawata mata bayan gida. Na je na kwaso lavender da wasu furanni ja da rawaya, don su suka fi ɗaukar ido. Kafin sanyi ya wuce duk sun ruɓe. Ba ta yi faɗa ba, kun san halinsu, godiya ma ta yi. Amma ba ta sake kira na ba, maƙwabta biyun da ta ce za ta haɗa ni da su ma shiru har yau.

Laifina ɗaya ne, ban duba ta ina rana ke shiga lambun ba. Mu a gida rana tsakar ka take bi, inuwa ce abin nema. Nan kuwa ta kudu take ratsawa, a Disamba tana ƙasa-ƙasa, yinin ma bai cika awa 8 ba. Lambun da ke arewacin gini sai ya yi watanni rana ba ta taɓa shi ba. Manhajar da kake duba alƙibla a waya ta isa ta nuna maka arewa, minti ɗaya ne.

A irin wannan wuri ni ra'ayina a manta da maganar fure, a nemi ganyen da ba ya zuba. Mai gida wata goma sha biyu yake kallon lambunsa ta taga, kuma a Janairu ne zai yanke ko ka iya aiki. Aucuba, mai ganye kore da ɗigo-ɗigon rawaya, ita ce jakar aiki: inuwa, sanyi, hayaƙin mota, duk tana jurewa. Sarcococca ba ta da wani kyan gani, amma tsakiyar sanyi take fitar da ƙananan fure masu ƙamshi, sa ta kusa da ƙofa ka ji abin da matar gida za ta ce. Fatsia da Mahonia ma suna yi idan akwai fili. Skimmia kuwa akwai mace akwai namiji, yawancinsu sai ka haɗa biyun take 'ya'ya. In gidan da ƙananan yara, ka faɗa wa iyayen jajayen 'ya'yanta da na Aucuba ba na ci ba ne.

Buxus ɗin nan da ake askewa kamar ƙwallo, wallahi ka guje shi ko mai gida ya nace. Akwai tsutsar da ke cinye ganyensa ƙarƙaf, ga ciwon da ke busar da shi, in ya mutu kuma kai za a tuna.

Sai abin rufe ƙasa, wanda shi ke rage maka cire ciyawa. Vinca minor da Pachysandra suna shimfiɗuwa da kyau a inuwa. Ka karanta takardar jikin tukunyar, kada ka ɗauko Vinca major, wannan cin iyaka take har gidan maƙwabci. Gindin babbar bishiya shi ne wuri mafi wuya, don ga inuwa ga ƙishirwa, saiwa ta shanye ruwan, ganye ya tare na sama. Nan Epimedium ya fi dacewa, amma shekarar farko sai an riƙa ba shi ruwa, ko da kana ganin kullum ana yayyafi.

Lokacin dasawa kuma Satumba zuwa Oktoba ya fi, ƙasa da sauran ɗumi, ruwa na sauka. In aka matsa maka ka dasa a Yuli, ka faɗi tun farko wa zai riƙa ban ruwa, ka tura masa a rubuce ta WhatsApp.

Af, ɗalibai: bizar karatu ba ta yarda mutum ya yi aikin ƙashin kansa ba, ko na yankan ciyawa ne. Ku duba sharuɗɗan bizarku kafin ku karɓi kuɗin kowa.