Fentin Ƙananan Jirage

Jama'ar zango, yaranmu masu sassaƙa ƙananan jiragen ruwa, irin waɗanda ake haya a tafkin lambun Lukzambur tun 1927, sun fara koyon 'yar bindigar fesa fenti. To, ga shawararmu. A tsinka fenti kamar madara, a gwada bisa kwali tukuna. Iska ta fara fita, sa'an nan fenti. Feshi uku marasa kauri sun fi guda mai kauri. In an gama, a wanke bakin bindigar nan take.

Amma fa iyaye, ɗakunanmu na Barbes ƙanana ne. A buɗe taga, yaro ya sa takunkumi, a fitar da jarirai. Jirgi in ya lalace a sassaƙa wani, huhu kuwa ba masassaƙi.