Ina Hausar da Aka Yi Binciken da Ita?

A ƙasar Nijar da wuya a sami karkarar da masu bincike suka tattake kamar ta jihar Maraɗi, musamman gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Tun ƙarshen shekarun 1970 Claude Raynaut na jami'ar Bordo ya jagoranci ayarin masana fannoni daban-daban, suka nazarci ƙasa da gonaki da zaman jama'ar jihar, aka fitar da dunƙulallen rahotonsu a 1980. Bayansu masana itatuwa sun zo, likitoci sun zo, haka ma masu nazarin al'ada da na koyarwa. Kusan duk abin da waɗannan bayin Allah suka rubuta da Faransanci ko Ingilishi, da Hausa aka fara gaya musu shi, a bakin gona ko zauren mai gari ko layin awon yara. To, ina wannan Hausar ta tafi? Wanda ya buɗe rahotannin zai tarar da jadawali da alƙaluma da sunayen marubuta, amma ba safai zai tarar da tambayar yadda aka furta ta ba, balle amsar yadda ta fito daga bakin mai ita. Tafintan da ya ɗauko maganar, in ya yi sa'a, a layin godiya ake ambatonsa.

Fassara mataki ne na bincike, daidai da ɗora yaro a kan sikeli ko auna kaurin itace. Bambancin kawai shi ne ana gwada sikeli kafin a fara aiki, a rubuta irinsa da iyakar kuskurensa, alhali bakin tafinta babu mai gwada shi. Matuƙar jami'o'i suna barin wannan mataki a duhu, akwai ɓangaren sakamakonsu da ba wanda zai iya tantancewa, ko da su kansu masu binciken.

A ɗauki likitanci, inda kuskure yake da tsada. A 2005, shekarar da yunwa ta kai sunan Maraɗi kunnen duniya, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a wannan jiha. Daga nan yankin ya zama fagen bincike. A 2006 Sheila Isanaka ta jami'ar Harvard da abokan aikinta na cibiyar Epicentre suka yi gwaji a ƙauyuka 12 na Madarumfa da Gidan Rumji: yaran ƙauyuka shida suka riƙa samun ƙunshi ɗaya na abincin tamowa kowace rana har wata uku, na sauran shidan ba su samu ba. Sakamakon, wanda mujallar JAMA ta buga a 2009, ya nuna rama mai tsanani ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a inda aka raba. A 2007 kuma aka raba wani abincin kariya ga yara kimanin dubu 60, ƴan wata 6 zuwa 36, a gundumar Gidan Rumji. Aiki ne mai daraja, ya kuma taimaka wajen sauya yadda duniya take tunkarar tamowa. Ba a kawo shi nan don a zarge shi ba.

Sai dai a duba abin da kowane bincike irin wannan yake tsayuwa a kai. Nauyi da tsawo sikeli da allon awo ke ba da su. Shekarun yaro kuwa, in babu takardar haihuwa, daga bakin uwa suke fitowa, ita kuma da damina da kaka da azumi da babbar salla take lissafi. Wani ne zai mayar da "an haife shi gero na bunni" zuwa adadin watanni. Haka tambayar ko yaro ya yi rashin lafiya cikin makon da ya wuce. Uwar da ta ɗauki zawon ɗanta a matsayin haƙori ke fitowa tana iya cewa lafiyarsa ƙalau, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin a wurinta haƙori ba ciwo ne na kai wa likita ba. Mai tambaya ya ce zazzaɓi ne ko masassara? Ya ce zawo ko gudawa? Ita kanta tamowa, wadda likita yake aunawa da igiyar damtse, iyaye da yawa suna danganta ta da rurrutsa, wato samun ciki kafin yaye, abin da ke jawo wa uwa kunya. Kalmar da ke ɗauke da kunya ba ta samun amsa irin ta kalmar da ba ta ɗauke da komai.

Inda abin ya fi nauyi shi ne neman yarda. Ƙa'idar binciken likitanci ta ce sai an bayyana wa mutum abin da za a yi cikin harshen da yake ji, ya amince da kansa. Amma da wace Hausa ake bayyana cewa an zaɓi ƙauyukan da za su samu ba tare da son rai ba? In tafinta ya ce ƙuri'a, wani zai tuna zaɓe, ya zaci akwai wanda ya fi shi magoya baya. In ya ce rabo, ya mayar da shawarar ɗan Adam hukuncin Ubangiji, wanda ba a jayayya da shi. In kuwa ya kauce wa kalmar gwaji don kada a tsorata, ya ce taimako, to yardar da aka samu ba ta gwaji ba ce. Sannan "to" ɗin matar aure a gaban baƙi da mai gari, yarda ce ko ladabi? Hausawa sun ga inda irin wannan take kaiwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da a ce akwai ajiyayyiyar Hausar da aka yi wa iyayen bayani da ita, da gardamar ta sami abin kamawa.

A fannin halittu labarin ya fi daɗi, amma giɓin yana nan. Tun 1983 Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, su zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi su raina. Dabarar ta bazu da sunan sassabin zamani, ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye kuma ya yi suna da ita har baƙi daga ƙasashe suna zuwa gani. Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou da wasunsu sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen itace miliyan 200. Sunan kansa abin nazari ne: an ɗauki sassabe, aikin da kowane manomi ya gada, aka jingina masa zamani, sai sabon abu ya shigo da rigar tsoho. Kwamitin ƙirƙirar kalmomi zai yi shekara bai samo wadda ta kai ta zama a baki ba.

Mai ƙirga itatuwa yana rubuta gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, kowanne da sunansa na Latin a gefe, kamar dai suna ɗaya itace ɗaya. Ba kullum haka take ba. Geza a bakin manomin Maraɗi sunan wani ƙaramin itace ne, kuma sunan ƙasa mai tauri ne, kishiyar jigawa mai rairayi. "Gonata geza ce" tana buƙatar mai kunne. Amfanin gona da dami ake ƙirga shi, hatsi da tiya, kuma damin wannan gari ba lalle ya yi daidai da na wancan ba, amma a jadawali duk sun zama kilo. Gonar da magidanci yake yanka wa matarsa ko ɗansa, wadda Bakano yake kira gayauna, a nan gamana ce. Takardar tambayoyin da ta ce "gonarka nawa?" ba tare da ta raba gandu da gamana ba, tana iya share gonakin mata daga lissafi baki ɗaya. Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, Bargery ya biyo da babban ƙamusunsa a 1934. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari har yanzu su ne madogara, alhali masu sunayen suna raye a Ɗan Saga.

Kuma Hausar ba ɗaya ba ce. Yammacin Gidan Rumji da Tsibiri ƙasar Gobir ce, inda ake jin na da ta a gurbin ne da ce, ana jin hwaɗi a gurbin faɗi. Gabas, wajen Agye da Gazawa, harshen ya fi karkata ga Katsinanci. Ga Fulani da Buzaye da ake yi wa tambaya da Hausa, su amsa da harshen da ba shi suka sha a nono ba. Ɗalibin da aka ɗauko daga Yamai aka ba shi takarda da Faransanci, aka ce ya riƙa fassarawa da ka, kowace safiya sabuwar tambaya yake yi.

Nazarin wasanni ne ya kamata ya fi kowa kula da wannan, tunda kayan aikinsa magana ce. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa littafinta kan bori a 1972, Janet Beik ta fitar da nata kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987. Bori, ko mene ne ra'ayin mutum game da shi ta fuskar addini, yana nuna yadda rabe-raben tsangayoyi suke yanka abin da yake ɗaya a wurin masu shi. A Tsibiri, inda Inna ta Gobir take da tsohuwar sarautar shugabancin masu bori, girka jinya ce a idon wanda aka kawo, kiɗa da kirari da rawa ce a idon mai nazarin wasa, itatuwan da ake jiƙawa kuma na masanin tsirrai ne. Mutum uku za su rubuta kundi uku, ba wanda zai karanta na ɗan'uwansa, kuma abin da ya haɗa su shi ne kalmomin da dukkansu suka fassara suka jefar. A yau ma an fi tuna ƴan wasa idan wata ƙungiya tana son faɗakarwa kan rigakafi ko shayarwa. Sai a ba su saƙo su juya shi zuwa Hausar da ke sa ƴan kallo dariya da gyaɗa kai, wato su warware matsalar da ta gagari mai takardar tambayoyi, a tafa musu, a watse ba tare da an naɗi ko jimla ɗaya ba.

Wanda ya fi cutuwa da wannan asara shi ne malamin makaranta. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk da haka malamin Gazawa da yake son koya wa yara dalilin da gawo ke zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da wane littafi zai shiga aji? An yi shekara arba'in ana rubutu kan itacen da ke bayan makarantarsa, cikin harsunan da iyayen ɗalibansa ba sa karantawa.

Za a ce malamin jami'a ba shi da zaɓi, tunda hukumar CAMES da ke duba ƙarin girma tana auna shi da abin da ya buga a mujallu, mujallun kuma ba sa karɓar Hausa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a daina rubutu da Faransanci. Abin da ake nema ƙarami ne: kowane kundi da aka yi aikinsa da Hausa ya zo da rataye mai ɗauke da tambayoyin da takardar neman yarda yadda aka furta su, da sunan tafinta da karin harshensa, da taƙaitawa ta shafi biyu da za a iya karantawa a rediyon gari. Kwamitin da ke ba da izinin binciken likitanci kuma ya sa masanin harshe ya duba Hausar, kamar yadda yake sa masanin lissafi ya duba alƙaluma.

Masu ilimin harshe ma suna da nasu laifin, ba ƙarami ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ƙarfinta yana ga noma da muhalli da kimiyya da lafiya, ɗalibanta kuma suna fita ƙauyukan nan kowace shekara. Sashen ilimin harshe na jami'ar Abdu Mumuni yana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, kuma ba nisan hanya kaɗai ya raba su ba. Ana ta maimaita kundi kan jam'i da jinsi da aron kalmomi daga Faransanci, da misalan da ɗalibi ya ƙago a ɗakinsa, alhali ga ɗan'uwansa mai karatun likita yana fama da yadda zai tambayi tsohuwa ranar haihuwar jikanta. Ɗalibi ɗaya da zai bi ayarin masu awon yara na wata uku a Gidan Rumji da na'urar naɗar magana, da izinin waɗanda ake naɗa, ya rubuta yadda masu tambaya biyar suka furta tambaya guda da irin amsar da kowannensu ya samu, zai dawo da kundin da likitocin kansu za su nemi karantawa.