Kanal a cike, gonarka a bushe: kar ka fara da zagin dam

1/ Duk rani sai mun yi wannan rigimar a Kadawa: ruwa ya cika kanal fal, amma gonakin ƙarshen layi sun bushe ƙamas. Nan take sai ka ji "ai dam ya ja baya". Ni dai a ganina, sau da yawa dam ba shi da laifi. Ku biyo ni 🧵

2/ Gonarmu tana ƙarshen layi. Bara tumatirinmu ya kwana tara ba ruwa, daidai lokacin da yake fure. Furen ya zube, kuɗin takin da Baba ya ranto ya bi iska. A makon nan ɗin, gonakin bakin kanal ruwa har kan hanya yake malala.

3/ Ku gane yadda tsarin yake. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974. Ya ratsa Ruwan Kanya, ya bi babban kanal, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Ba inji ke tura shi ba, gangara ce kawai. Duk abin da ya tare shi a hanya, na ƙarshe ke fara ji a jikinsa.

4/ Ba mu kaɗai ke da irin wannan matsalar ba fa. A ƙasashen sanyi kamar Ingila, tukunya ɗaya ke tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ƙarafan da ke ɗumama ɗakuna. In wasu ɗakunan sun ɗumi wasu sun ƙi, mai gyara ba ya fara canza tukunya. Abu uku yake dubawa: iska, datti, rabo. Mu ma su ne.

5/ Iska. Bututun da kake janyo ruwa da shi daga kanal zuwa fangali, in ya tsage ko bakinsa ya ɗago sama da ruwa, iska ta shiga, shi ke nan ya tsaya. Ka duba naka kafin ka ɗaga murya.

6/ Datti. Ka taka a ƙafa daga gonarka zuwa ƙofar ruwa. Laka, kachala, leda, robar maganin feshi. Kachala kan rage gudun ruwa, lakar ta kwanta, lakar kuma ta ƙara wa kachala wurin tsiro. Inda ruwa ya taru bai wuce ba, nan ciwon yake.

7/ Rabo. Nan ne ake ɓata zumunci. Na kusa ya buɗe nasa gaba ɗaya, wani ya dasa buhun yashi cikin dare. A can Ingila maganin shi ne a ɗan tsuke famfon ɗakunan kusa don ruwa ya kai na nesa. Wato sai na gaba ya rage, sannan na baya ya samu.

8/ Na san abin da ɗan bakin kanal zai ce: "Ni ma kuɗin ruwa na biya." Gaskiya ne, ɗan'uwa. Amma ruwan da ya wuce kima ba riba ba ne. Yana wanke taki, ya ruɓar da saiwa, a daɗe ƙasa ta fara fitar da gishiri. Kai ma kana asara, kawai taka ba ta bayyana da wuri.

9/ In ko layin duka ya bushe, daga kai har wutsiya, wannan ya fi ƙarfin fartanya. Babban kanal da manyan ƙofofi aikin Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ne. A kai ƙorafi ta ƙungiyar masu amfani da ruwa, a rubuce, da hoto.

10/ Mu bana gayya muka yi. Asabar biyu muna yashe ƙaramin kanal, sannan dattawa suka tsara kwanaki: na ƙarshe su fara sha, na kusa su biyo baya. Ba a rasa tsaki ba, amma tumatirinmu ya riƙe fure, alhamdulillahi.

11/ Matasa, wayar nan da muke zagi da ita za ta iya riƙe jadawalin ban ruwa a WhatsApp. Ku a layinku yaya kuke raba ruwa? Na bakin kanal ma ku yi magana, ba faɗa ba ne.